Wai Rama Cuta Ga Macuci Ibada Ne? A Wane Littafi?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin Bahaushe har wasu na ɗaukarta kamar aya, wai rama cuta ga macuci ibada ne. Musulminmu na faɗinta, Kiristanmu na faɗinta, kowa da irin macucin da yake nufi a zuciyarsa. Tun bayan rikicin Jos na shekarar 2001 kuma sai ta sami ƙanwa a wasu majami'un Arewa, inda za ka ji mai wa'azi ya ɗaga murya yana cewa an mare mu a kuncin dama mun juya na hagu, an sake marinmu, to kunci na uku babu. Jama'a su ɗauki tafi, wasu har da guɗa. Maganar ta yi nisa ƙwarai, har sai da wani malamin tauhidi, Sunday Bobai Agang, ya rubuta littafi guda a kanta a 2017. Ni dai na ɗauki alƙalami ne don in ce wannan koyarwa ba ta da gindi a cikin Bishara, in kuma ce akwai wata ƙaryar da ta haife ta, wadda masu mulkinmu suka daɗe suna sayar mana da sunan haƙuri.

Kafin in yi nisa bari in faɗi inda na tsaya. Ni Bahaushe ne kuma Kirista, kuma na san akasarin masu karanta wannan mujalla tamu Musulmi ne. Magana ce ta cikin gida zan yi da 'yan'uwana Kirista, amma da gangan na fito da ita tsakar gida, domin gobarar da nake magana a kai ba ta taɓa tambayar katangar wa za ta tsallaka ba. Wanda ya ga abin da ya shafe shi a ciki, bismilla, ya ɗauka.

Mu fara da yunwa, don daga nan abin ya samo asali. Duk wanda aka kashe wa ɗan'uwa, ko aka ƙone wa gida yana kallo, akwai wani abu da yake cin cikinsa wanda tuwo ba ya kashewa. Mu da ke ƙasashen waje mun san wannan ciwo ta wata fuskar. Mutum yana zaune a ɗakin karatu a Serdang ko Gombak, ko yana shan shayi a rumfar mamak da ƙarfe ɗayan dare, sai waya ta yi ƙara, ya buɗe ya ga hoton gawarwaki a jere, kuma ya gane unguwar. Tsakanin nan da gida akwai sa'o'i bakwai, saboda haka lokacin da ake jana'iza a can mu muna kwance idanu biyu a nan. Ba ka je ka ɗauki gawa ba, ba ka zauna zaman makoki ba, babu wanda ya riƙe hannunka ya ce maka sannu. Abin da ya rage maka shi ne wayar da ke hannunka da wannan abu da ke ci maka ciki. Wannan yunwa gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce wa mai jinta ya yi shiru kawai, to bai san zafinta ba.

Yesu Almasihu bai raina wannan yunwa ba. A Huɗubar kan Dutse, sura ta 5 ta Bisharar Matiyu, ya jera mutanen da ya kira masu albarka, kuma a aya ta 6 ya ambaci waɗanda adalci ya zame musu abin nema kamar yadda mai yunwa ke neman abinci, ya yi musu alkawarin ƙoshi. Abin sha'awa a nan shi ne kalmar da masu fassara suka zaɓa mana a Hausa, wato adalci, kalma ɗaya da ta ɗauki tsarkin hali a gaban Allah ta kuma ɗauki abin da talaka ke nema a gaban alƙali. Ashe wanda ya ce yana son a kama wanda ya kashe ƙanensa a kai shi kotu, bai fita daga cikin ayar ba. To amma mai karatu ya duba abin da ke biye. Aya ta 7, ba tare da wani numfashi a tsakani ba, tana magana ne a kan masu jinƙai. A kwano ɗaya aka zuba su. Masu wa'azin kunci na uku sukan ɗebi ta farkon su bar ta biyun, kamar yaron da ya tsince nama ya bar wa mutane gayan tuwo.

Abin da suke ba mu kuwa ba ya ƙosarwa, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. A ranar 24 ga Fabrairun 2004, a garin Yelwa na kudancin Jihar Filato, aka kashe Kiristoci sama da 75, akasarinsu a harabar majami'ar COCIN. A ranakun 2 da 3 ga Mayu na wannan shekara aka dawo ramuwa, aka yi wa garin ƙawanya, aka kashe Musulmi kusan 660 a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Ba a cika kwana goma ba, a 11 da 12 ga Mayu, Kano ta ɗauka, aka kashe mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci waɗanda ba su ma san ta ina ake zuwa Yelwa ba. Ranar 18 ga wata Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. To don Allah wa ya ƙoshi a cikin wannan? Wace gwauruwa ce a Yelwa ta ji labarin gawar wata mata a Sharaɗa ta ce alhamdu lillahi, yanzu mijina ya dawo? Hausawa da kansu sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba su gaya mana cewa zafin a kan wanda bai ji ba bai gani ba yake sauka.

Wannan shi ne babban ha'incin da ke cikin maganar rama cuta ga macuci. A zahiri ba macucin ake rama wa ba. Macuci ya yi aikinsa cikin dare ya shige daji ko ya koma gidan ubangidansa. Wanda ake samu da safe shi ne mai shayi a bakin tasha, da direban da ya biyo hanya bai san an yi faɗa ba, da ɗalibar da ta fito neman ruwa. A ranar 14 ga Agustan 2021 aka tare motocin matafiya Musulmi a hanyar Rukuba da ke Jos, suna kan hanyar komawa gida daga Bauchi, aka kashe sama da 20. Me suka yi wa wani? Idan akwai wanda ya yi baftisma a cikin waɗanda suka tare hanyar nan, ina so ya nuna mini surar da ya karanta kafin ya fito. Na san za a ce mini ai mutum yana da haƙƙin kare kansa. Ƙwarai kuwa. Wanda ya tsaya a ƙofar gidansa cikin dare don kada a shigo wa iyalinsa, babu mai hankalin da zai zarge shi. Amma tsakanin tsayuwa a ƙofar gida da tare hanya washegari ana tambayar fasinja sunansa, akwai rami mai zurfi, kuma masu wa'azin nan sun san da shi, suna rufe shi da tabarma ne kawai.

Mu kuma 'yan ƙasashen waje muna da namu kason a cikin wannan. An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, to namu ya wuce kallo, zuga muke yi. A zaurukan WhatsApp na 'yan gari da na tsofaffin ɗalibai, sau da yawa wanda ya fi kowa zafin harshe shi ne wanda ya fi kowa nisa da wurin. Yana zaune a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, fasfonsa na cikin akwati, yana rubuta wa yaran unguwa cewa lokacin juya kunci ya wuce. In wuta ta tashi ba shi za a harba ba, ba shagonsa za a ƙone ba. Digirin da aka turo mu nema ya ƙara wa maganarmu nauyi a kunnen ƙannenmu, suna cewa ai Yaya da ke Malesiya ma ya faɗa. Wannan nauyi amana ce, kuma a ganina ana cin ta.

To, sai ka ce mu naɗe hannu ke nan? Wannan ita ce tambayar da ake jefo wa duk wanda ya ambaci gafara, kuma amsarta tana nan cikin wannan birni da muke zaune, ga wanda ya san tarihinsa na kusa.

A ranar 31 ga Disambar 2009 wata babbar kotu a Kuwala Lumfur ta yanke hukunci cewa jaridar Katolika mai suna Herald tana iya amfani da kalmar Allah a sashenta na harshen Malay. Ga Bahaushe wannan rigima abin mamaki ce, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fitowarsa cikakke a 1932 da kalmar Allah yake amfani, kuma ban taɓa jin wani malami a Kano ko Zariya ya ce a ƙwace shi saboda haka ba. Su ma a nan, fassarar Bisharar Matiyu cikin Malay da aka buga tun 1629 da kalmar ta zo. Amma siyasa ta shiga, rai ya ɓaci. Cikin daren Juma'a, 8 ga Janairun 2010, wasu matasa suka jefa wa majami'ar Metro Tabernacle da ke Desa Melawati wuta, hawa na ƙasa ya ƙone ƙurmus. A kwanakin da suka biyo baya an kai wa wasu majami'u kusan goma hari, an jefi wurin ibadar mabiya addinin Sikh da duwatsu, an yi yunƙurin ƙona wasu ƙananan masallatai, har an jefa kawunan aladun daji a harabar masallatai biyu. Duk kayan haɗa gobara sun cika. Sai shugaban wannan majami'a, Rabaran Ong Sek Leang, ya fito ya shaida wa duniya cewa ikkilisiyarsa ta yafe wa waɗanda suka yi aikin. Wasu ƙungiyoyin Musulmi suka ce za su taya gadin majami'u. Firayim Ministan lokacin, Najib Razak, ya je wurin ya yi alkawarin ringit 500,000. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Ga inda nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Yafewar da fasto ya yi ba ta sa 'yan sanda sun rufe fayil ba. An bi sawu, an sami wani matashi da ya je asibiti da ƙuna a jiki, ya ce wai wurin gashin nama ya ƙone. A watan Agusta na wannan shekara, wata bakwai bayan aukuwar abin, kotu ta sami wa da ƙane da laifi ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara biyar. Majami'a ta yi nata, alƙali ya yi nasa, kuma babu wanda ya ce ɗaya ya soke ɗaya.

Yanzu mu waiwaya gida a daidai wannan wata. Kwana tara bayan ƙone Metro Tabernacle, ranar 17 ga Janairun 2010, Jos ta kama da wuta. Ranar 19 aka shiga Kuru Karama aka kashe Musulmi aƙalla 150, aka cusa gawarwaki da yawa cikin rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris aka shiga Dogo Nahawa da ƙauyukan kusa da ita cikin dare aka sassare Kiristoci aƙalla 200, yawancinsu mata da yara. Waɗanda aka hukunta a kan waɗannan ba su taka kara sun karya ba in an gwada da yawan kaburburan. Kwamitocin bincike kuwa ba a magana, daga na Mai Shari'a Niki Tobi bayan 2001 zuwa na Bola Ajibola bayan 2008, zuwa na Sheikh Ahmed Lemu bayan tarzomar zaɓen 2011 da ta ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku. A yi zama, a ci alawus, a miƙa rahoto ana ɗaukar hoto, a sa a durowa. Da Human Rights Watch ta zo rubuta rahotonta na 2013 a kan Filato da Kaduna, sunan da ta ba shi shi ne maganar da ta yi ta ji a bakin mutane, wato a bar wa Allah komai.

A nan ne ƙarya ta biyu take, kuma ita ce uwar ta farko. Gwamna zai zo da jerin gwanon motoci, ya tsaya a kan toka, ya raba buhunan shinkafa da katifu, ya ce wa jama'a su yi haƙuri su yafe wa juna, ya tafi. Wa ya ba shi wannan gafara da yake rabawa? Ba ɗansa aka kashe ba. Abin da Allah ya ɗora masa shi ne ya kama mai laifi, sai ya bar nasa aikin ya hau na fasto da liman. Mutane kuma ba wawaye ba ne. Idan an ce musu su yafe sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, suna ganin wanda ya kashe musu uba yana sayen goro a kasuwa ɗaya da su, daga ƙarshe kalmar gafara da kanta za ta fara yi musu ɗoyi. Daga nan mai wa'azin kunci na uku ke samun kasuwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Harshenmu ma ya san bambancin da muke ƙoƙarin mantawa. Idan Bahaushe ya ce Allah ya isa, bai yafe ba, ƙara ya ɗaukaka zuwa kotun da ba a ba da cin hanci. Idan ya ce ya haƙura, sau da yawa yana nufin ba shi da ƙarfi ne yau. Na yafe ita ce kaɗai take sauke kaya daga kan mai faɗinta. Abin da ke cike da garuruwanmu shi ne Allah ya isa da aka yi wa rigar haƙuri, ana zaune ana jiran rana. Shi ya sa Kaduna ta rabu biyu bayan rikicin 2000 da na 2002, kogi ya zama iyaka, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma ɓangaren masu irin sunansa.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa haɗa gafara da sakin mai laifi ba. Manzo Bulus a ƙarshen sura ta 12 ta wasiƙarsa ga Romawa ya hana mai bi ɗaukar fansa da hannunsa, har ya ce in maƙiyi na jin yunwa a ciyar da shi, sa'an nan a farkon sura ta 13 ya nuna cewa an ba hukuma takobi ne don mai mugun aiki. Shi kansa Bulus, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari aka aiko a sake shi a ɓoye, sai ya ƙi fita, ya ce mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da shi. Daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, bai tsaya a hawaye ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. A zamaninmu, Fafaroma John Paul na Biyu ya je har kurkuku a Rum a Disambar 1983 ya zauna da Mehmet Ali Agca, mutumin da ya harbe shi a 1981, ya yafe masa, amma mutumin ya ci gaba da zama a kurkukun Italiya har 2000. 'Yan'uwana Musulmi da suka karanta fiƙihun Malikiyya sun fi ni sanin cewa a kisan ganganci waliyyan mamaci ne ke da ikon yin afuwa, kuma ko sun yi, ana yi wa mai kisan bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Ashe ko ta wace ƙofa aka shiga, mai yafewa daban, mai hukunci daban.

Kada wani ya ɗauka ina yi wa Malesiya kirari ne, don ƙasar nan ma tana da nata duhun. Rigimar kalmar Allah ba ta ƙare wa jaridar Herald da daɗi ba, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraronta a 2014. Abin da ya fi wannan muni ya faru ranar 13 ga Fabrairun 2017 a Petaling Jaya, da rana tsaka, lokacin da jerin motoci suka tare Fasto Raymond Koh a kan titi, mutane masu rufe da fuska suka tafi da shi cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Kyamarar wani gida ta ɗauki komai. A 2019 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, Suhakam, ta ce jami'an sashen musamman na 'yan sanda ne suka ɗauke shi, kamar yadda suka ɗauke wani Musulmi, Amri Che Mat, a Jihar Perlis a Nuwamban 2016. Matar Amri ce ma, Norhayati, ta je ta sami matar faston ta gaya mata abin da wani ɗan sanda ya tsegunta mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wannan mata, Susanna Liew, ita ce nake so masu cewa gafara ragwanci ce su kalla. Ta sha faɗa a bainar jama'a cewa ta yafe wa waɗanda suka ɗauke mijinta. Kuma ita ce ta maka gwamnati da 'yan sanda a kotu, ta yi ta sintiri shekara da shekaru, har ranar 5 ga Nuwamban 2025 babbar kotun Kuwala Lumfur ta ɗora musu alhaki, ta ce a biya ringit 10,000 a kan kowace rana tun daga ranar da aka ɗauke shi har ranar da za a faɗi inda yake, kuɗin da a lokacin hukuncin ya haura ringit miliyan 31. Ta kuma ba da umurnin a sake buɗe bincike. Ofishin babban lauyan gwamnati ya ce zai ɗaukaka ƙara. Matar nan ba ta ƙona ofishin kowa ba, ba ta tare hanya ba, kuma ba ta koma ɗaki ta ce ta bar wa Allah ba. A ganina yafewar ce ma ta ba ta numfashin yin doguwar tafiyar, domin mai ɗauke da garwashi a ƙirji ba ya kai shekara takwas yana bin matakalar kotu, kafin nan ya cinye kansa.

Ba ina cewa abu ne mai sauƙi ba, kuma ina ƙin masu sa gwauruwa a gaban makirufo kwana biyu da binne mijinta don ta ce ta yafe. Wannan ma zalunci ne. Labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna kowa ya san shi, amma an fi son ba da ƙarshensa a tsallake tsakiyar. A rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 suka fara aiki tare, amma Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi kusan shekara uku suna tafiya tare, suna kwana ɗaki ɗaya, alhali tunanin kashe Ashafa bai bar zuciyarsa ba. Sai da wani ɗan'uwansa fasto ya gaya masa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Waɗannan mutum biyu ne suka shiga tsakani har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwa da Shendam a 2005. Gafara irin wannan noma ce, ana yin ta damina bayan damina, ba a ɗaure mutum a ce sai ya girbe yau.

Amma ga Kirista, jinkiri daban ne, ƙi daban ne, kuma a nan ne ba ni da sassauci. Misalin da ke Matiyu sura ta 18 ya rufe ƙofar. Bawa ne sarki ke binsa talanti dubu goma, ya roƙa aka yafe masa, yana fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini guda ne, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Wato an yafe masa ladan yini miliyan 60, ya kasa yafe na wata uku da 'yan kwanaki. Duk ranar Lahadi muna tsayawa mu yi Addu'ar Ubangiji, mu roƙi Allah ya auna mana gafara da mudun da muke auna wa waɗanda suka yi mana laifi. Wanda ya yi wannan addu'a da safe, da yamma ya tura saƙon a tashi a rama, shin ya san abin da ya roƙar wa kansa kuwa? Kuma wanda muke kira Ubangiji, yana rataye a kan gicciye ya nema wa masu kashe shi gafara, bayan ya riga ya umurci Bitrus ya mayar da takobi kube. Mai wa'azin da ya ce kunci ya ƙare, sai ya gaya mana a fili cewa ya fi Almasihu shan mari.

Ina yawan tunanin babban wa a labarin ɗan da ya ɓata, a Luka sura ta 15. Ƙaramin, yunwa ce ta koro shi gida, bayan ya kai ga sha'awar abincin aladu. An yanka ɗan maraƙi, gida ya cika da ƙamshi. Babban ya dawo daga gona, wuni guda yana aiki, babu shakka da yunwa ya dawo, amma ya tsaya a waje ya ƙi shiga saboda wanda ke zaune a ciki. Uban ya fito yana lallashinsa, kuma a nan labarin ya tsaya, ba a gaya mana ko ya shiga ba. Da yawa daga cikinmu a bakin wannan ƙofa muke tsaye tun 1987 da aka yi Kafanchan, muna da hujja, cikinmu na ƙugi.

Abin da nake nema daga wannan ƙungiya tamu ƙarami ne. A cikinmu akwai masu digiri na biyu da na uku a fannin shari'a, da aikin jarida, da kimiyyar kwamfuta, kuma wasu a kan sulhu da zaman lafiya ma suke rubuta kundinsu. Mu ɗauki fayil biyu kacal. Na farko na Deborah Samuel, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da aka kashe aka ƙone a Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, a gaban kyamarorin waya, inda aka gurfanar da mutum biyu, shari'ar kuma ta watse a 2023 saboda masu gabatar da ƙara ba sa zuwa kotu. Na biyu na matafiyan hanyar Rukuba. Mu rubuta wa kwamishinonin shari'a na Sakkwato da Filato takarda ɗaya, a kan takardar ƙungiya, mu tambayi mutum nawa aka kama, nawa aka gurfanar, a wace kotu, kuma ina aka kwana. Musulmin cikinmu su fara sa hannu a ta Deborah, mu Kirista mu fara sa hannu a ta Rukuba. In ba a amsa ba mu sake aikawa bayan wata uku, mu buga kwafin a wannan shafi tare da kwanan wata. Na riga na rubuta daftarin farko, zan kawo shi taronmu na gaba.